Wa Ke Da Ta Cewa A Kan Gadon Ajali?



Shekarun da muka yi muna riƙe da alƙalami a zauren dattijon zangonmu sun koya mana irin maganganun da ke kawo mutane gabansa: rikicin aure, rabon gado, iyakar fili, bashin da mai shi ya mutu ya bari. Duk waɗannan akwai babinsu a littafi, akwai kuma yadda magabata suka saba yanke su. Amma a 'yan shekarun nan an fara shigo mana da wata irin magana wadda ba mu gada ba, wato gardama a kan mutumin da bai rasu ba tukuna, bai kuma tashi ba.

Ta baya-bayan nan ta wani dattijo ce, tsohon falken goro, wanda jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa bayan sallar asuba. Aka kai shi babban asibiti, aka jona masa na'urar da ke hura numfashi. Ranar wata Laraba likitoci suka tara iyali, suka ce sun yi gwaji sun sake yi, ƙwaƙwalwa ta tsaya cik, abin da ke ɗaga ƙirjinsa na'ura ce. Ƙanensa ya ce a cire, a bar bawan Allah ya huta. Babban ɗansa, wanda ke Amurka kuma shi ke turo kuɗin jinya, ya ce ta waya duk wanda ya taɓa na'urar nan shi ya kashe masa uba. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta bi bayan likitoci, aka ce boko ya cinye mata tausayi. Uwargidansa kuwa, wadda suka haura shekara 40 tare, tana zaune bayan labule, ba wanda ya ce mata ci kanki. Maigida ya ce a ba shi kwana guda, ya umarce mu da mu duba abin da malamai suka faɗa, na da da na yanzu. Abin da muka tarar ne muke son mu shimfiɗa a nan, domin gidan da maganar nan ba ta shiga ba tukuna, tana hanya.

Farkon abin da ya bayyana gare mu shi ne tambayar yarinya ce, wasu dattawanmu da ke raye sun girme ta. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja suka zauna a Salga, sannan suka watsu zuwa Karaci da Kintampo da Kumasi bayan yaƙin basasar 1892, a gida suke mutuwa. Idan ciwo ya tsananta a kira wanzami, a nemo saƙe-saƙi, malam ya yi rubutun sha. Idan aka ga ido ya kafe, a juya mutum ya fuskanci alƙibla, a riƙa ambaton kalmar shahada kusa da kunnensa. Abin da Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya ambata game da mai gargarar mutuwa a cikin Risala, wadda kusan duk wanda ya gurfana gaban malam a zango ya karanta, bai yi nisa da wannan ba, domin shi kaɗai ya rage a hannun mutane. Ko bayan da aka buɗe Korle Bu a Ankara a 1923, da asibitin da muke kira Gee a Kumasi a tsakiyar shekarun 1950, likita kan yi iyakar ƙoƙarinsa ne ya ce a koma gida. Ba mai ikon riƙe numfashi idan ya tashi tafiya, saboda haka ba a taɓa tambayar kowa ko a sake shi ba.

Malaman da sun san cewa mutuwa kan rikitar. A Muhtasar na Halil an so a gaggauta shirya mamaci, amma aka toge wanda ya nutse a ruwa, aka ce a dakata har a tabbata. Suna kuma da babi mai faɗi a kan ciwon ajali. Wanda ciwo mai ban tsoro ya kwantar ba ya kyautar da fiye da sulusin dukiyarsa. A mazhabar Maliku ba a ɗaura masa aure. Idan ya saki matarsa a cikin ciwon ya mutu a kansa, tana gadonsa. A lura da inda aka sa takunkumin. An ɗaure hannun majinyaci a kan dukiya, domin haƙƙin magada ya fara rataya a kanta. Ba mu ga inda aka ce magada sun gaji jikinsa tun yana numfashi ba.

Riwayoyi biyu suka fi tsaya mana a rai, dukansu a Bukhari. Ta farko daga Nana A'isha ce, Allah Ya yarda da ita. A ciwon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a cikinsa, iyalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki. Ya yi musu nuni da kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci, suka ci gaba. Da ya farfaɗo sai ya tuna musu cewa ya hana, ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin maganin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarci abin ba. Waɗanda suka yi ɗurin nan su ne mafi ƙaunarsa a bayan ƙasa, niyyarsu kuma ba ta da aibi ko kaɗan. Duk da haka ƙaunar ba ta ba su izinin tsallake nuninsa ba. Mun sha jin hadisin nan a majalisin karatu, ba mu taɓa kawo shi kusa da gadon asibiti ba sai a wannan karon.

Ta biyu ta Sayyidina Umar ce. A ƙarshen Zulhajji na shekara ta 23 bayan Hijira, Abu Lu'lu'a ya soke shi yana limancin sallar asuba. Aka ba shi abin sha ya fito ta raunin, aka ba shi madara ita ma ta fito, sai aka gane ajali ne. Malaman tarihi sun ce likita ne ya duba, ya kuma faɗa masa gaskiya ido da ido, cewa ya yi wasiyya. Nan Umar ya sa aka lissafa bashinsa, aka tarar kimanin 86,000, ya faɗi inda za a nemo a biya. Ya aiki ɗansa Abdullahi wajen Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya ambaci mutum 6 da za su yi shawarar halifanci. Aikin likita ya tsaya a kan faɗin halin da jiki yake ciki, abin da za a yi da sauran kwanakin kuwa mai ran ne ya tsara. Da a zangonmu ne, da wani ya ja likitan gefe ya roƙe shi don Allah kada ya gaya wa Baba, da kuma bashin ya bi shi kabari ba a lissafa ba.

Haka duniya ta tafi har zuwa 1952, shekarar da annobar shan inna ta auka wa Kopenhagen, babban birnin Denmak. Cutar kan shanye naman da ke jan numfashi. A makonnin farko, cikin majinyata 31 da ta kama wa numfashi a asibitin Blegdam, 27 suka mutu. Wani likitan sa barci mai suna Bjorn Ibsen ya kawo shawarar a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa hura iska cikin huhu da jakar roba. Aka gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12 a ƙarshen Agusta, ta rayu. Da yake babu injin da zai yi aikin, sai aka tattaro ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa na matsa jakarsa a gefen gado. Mace-macen suka ragu ƙwarai. A Disambar 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin kulawa ta musamman, wanda ake ɗauka shi ne na farko a duniya, injuna kuma suka maye gurbin hannuwan ɗalibai.

Rahama ce babba, ba mai musu. Sai dai ɗalibi kan gaji, inji kuwa ba ya gajiya, ba ya kuma bambanta wanda zai tashi da wanda ya riga ya tafi. Kafin a shekara 5 likitoci sun fara tambayar ko zunubi ne a kashe shi. A Nuwambar 1957 suka kai tambayar gaban Fafaroma Pius na 12. Ya amsa cewa ba dole ba ne a yi amfani da hanyoyin da suka wuce ƙima, cewa ikon likita daga majinyaci yake samo shi, cewa iyali suna tsayawa ne a kan abin da ake zaton majinyacin zai so, kuma tabbatar da mutuwa aikin likitoci ne. Mun kawo maganarsa domin tarihi ne, kuma domin mai karatu ya ga yadda ta yi kusa da abin da malamanmu suka cimma daga baya ta tasu hanyar. A 1959 wasu likitoci biyu a Faris, Mollaret da Goulon, suka bayyana halin majinyata 23 da sumarsu ta wuce suma. A Disambar 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciyar mutum a jikin wani a Afirka ta Kudu, abin da ya sa sanin lokacin mutuwa ya zama na gaggawa. A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fitar da sharuɗɗan abin da yanzu ake kira mutuwar ƙwaƙwalwa.

Wannan ya warware maganar waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta mutu gaba ɗaya. Ya bar mafi wuyar, wato waɗanda ke tsakani, rai kwakwai mutu kwakwai. A Afrilun 1975 wata budurwa 'yar shekara 21 a jihar New Jersey ta Amurka, Karen Ann Quinlan, ta faɗa doguwar suma. Iyayenta, mabiya ɗariƙar Katolika, suka nemi a cire mata na'ura, likitoci suka ƙi. A ƙarshen Maris na 1976 kotun ƙolin jihar ta ce haƙƙin ƙin magani nata ne, tunda kuma ba ta iya magana, mahaifinta ya tsaya a madadinta. Aka janye na'urar a hankali, sai ga shi ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai a Yunin 1985, ba ta kuwa farfaɗo ba ko sau ɗaya. Masu cewa likita ba ya kuskure su riƙe wannan, masu cewa cire na'ura kisa ne su ma su riƙe. A 1990, a shari'ar Nancy Cruzan, kotun ƙolin Amurka ta yarda jiha ta nemi hujja bayyananniya a kan abin da majinyacin ya so. Waɗanda suka yi aiki da ita ne daga baya suka zo suka shaida abin da suka ji daga bakinta. Ta Terri Schiavo kuwa, wadda ta faɗi a 1990 ba ta bar rubutu ba, mijinta da iyayenta suka yi ta jan juna a kotuna har majalisar dokoki da Shugaba Bush suka tsoma baki, kafin ta rasu a Maris na 2005.

Ingila, wadda dokokin ƙasar nan suka samo tushe daga nata, wata hanya ta bi. Masu son ƙwallo za su tuna turmutsutsun filin Hillsborough na Afrilun 1989. Wani saurayi magoyin bayan Liverpool, Tony Bland, ya kwanta kusan shekara 4 bai san inda yake ba. A 1993 kotun ƙoli ta lokacin ta halatta wa likitoci su daina ciyar da shi ta bututu, bisa ma'aunin abin da ya fi zama maslaha gare shi. A can ana jin ta bakin iyali, amma ba su ke yanke wa baligi hukunci ba.

Malaman Musulunci sun zauna a kan maganar a Amman ta ƙasar Jodan a Oktoban 1986, a zama na 3 na majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Suka ce ana hukunta mutum da mutuwa da ɗayan alamu biyu: zuciya da numfashi su tsaya, likitoci su ce ba dawowa, ko dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa su tsaya, ƙwararru su ce ba dawowa, ta kuma fara ruɓewa. A nan ya halatta a cire na'ura ko da zuciya na bugawa da taimakonta. Shekara guda bayan haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka. Ta yarda a cire idan likitoci ƙwararru 3 suka tabbatar, amma ta ce ba a hukunta shi da mutuwa a shari'a sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Wanda ya taɓa rabon gado ya san wannan saɓani ba na wasa ba ne. Idan magaji ya rasu tsakanin ranar gwajin da ranar cirewa, rabon kan sauya baki ɗaya, kuma kwanakin takaba daga ɗaya cikin ranakun biyu za a fara ƙirga su.

Kwamitin fatawa na Saudiyya ya fi kowa kaifi. A fatawarsa mai lamba 12086 ta shekarar 1409 ya ce idan likitoci ƙwararru amintattu 3 suka yanke cewa farfaɗo da majinyaci ba shi da amfani, ba a buƙatar yi, kuma ba a waiwayar ra'ayin iyali domin ba fanninsu ba ne. Ta fuskar ilmin jiki wannan gaskiya ne. Amma mu da muke zaune a zaure mun san iyalin da aka ce ba a waiwaye su ba su ne za su ɗauki gawa, su ne kuma za su zauna da juna bayan sadakar arba'in. Ƙudurin da ya fi kwanta mana shi ne na Jidda na 1992. A ciki aka ce hukuncin neman magani yana sauyawa: yakan wajaba idan barinsa zai kai ga halaka ko cutar mai yaɗuwa ce, yakan zama halal kawai a wani halin. Aka shardanta izinin majinyaci matuƙar yana cikin hankalinsa. Idan ba ya ciki, izini ya koma ga waliyyi bisa jerin kusanci, amma a kan maslahar majinyacin. Waliyyin da ya ƙi abin da ƙinsa cutarwa ce a fili, ba a bin maganarsa. Allurar da za ta gaggauta mutuwa kuwa, irin wadda dokar Holan ta halatta tun 2002, ba ta cikin wannan zance, haramcinta ba a yi saɓani a kai ba.

Dokar ƙasarmu ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 30 na tsarin mulkin 1992 ya hana a tauye wa wanda ba ya iya ba da izini magani saboda aƙidar wani kawai. Kundin haƙƙin majinyata na 2002 ya ba shi ikon sanin ciwonsa da ikon karɓa ko ƙin magani. A takarda ke nan. A zahiri, waɗanda suka ga zamanin biya kafin a duba ka sun san wa ke yanke hukunci, kuma ko da inshorar lafiya ta zo a 2003 an yi shekaru masu yawa ba ta ɗaukar wankin ƙoda na dindindin. Sau da yawa aljihu ne ke kashe na'ura ba fatawa ba, mai turo kuɗi kuma yakan ga kamar kuɗin sun saya masa ta cewa. Bayan kuɗi sai kunya: kada a ce 'ya'yansa sun gaji da shi, kada a ce an yi rowa. Mun ga an sayar da gidan marayu don kada a ce. Mun kuma ga tsoho da hankalinsa garau, ana kai shi wankin ƙoda yana roƙon a bar shi, ana ce masa Baba yi haƙuri, kamar yaron da ake yi wa kaciya. Irin wannan, a ganinmu, ya fi mai doguwar suma shiga haƙƙi, domin shi ga bakinsa, an dai ƙi ji ne.

Da muka karanta wa Maigida abin da muka tattara, bai ce komai a kan Amman ko Makka ba. Ya sa aka kira iyalin, aka ɗora waya a kan buzu don ɗan da ke Amurka ya ji, sannan ya juya wajen labule ya ce, "Hajiya, shi mai jikin, ya taɓa gaya miki wani abu?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Daga nan ta ce shekara 2 da suka wuce sun je duba wani amininsa da ke kwance a irin ɗakin, da suka dawo bai ci tuwo ba, ya ce mata idan tasa ta zo haka kada a bar shi a hannun inji, a samu mai karanta masa Yasin. Maigida ya ce me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce, "Ranka ya daɗe, matar da ta ce a cire, me dangin miji za su kira ta?" Ba wanda ya ɗaga kai.

Ɗan ya yi kuka a waya har muka ji nauyin sauraro. Bai yi gardama da maganar mahaifiyarsa ba. Abu biyu ya roƙa: a samo wani likita daban ya sake dubawa, kuma a jira shi ya iso. Likitocin suka amince da duka biyun. Ya sauka ranar Juma'a ta mako mai zuwa da hantsi, ya wuce asibiti da jakarsa. Bayan la'asar liman ya karanta Yasin, ƙanen ya duƙa yana ambaton shahada a kunnen yayansa, aka cire na'urar, ba a jima ba zuciya ta tsaya. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Da muka zo rubuta ranar rasuwa a littafin zaure muka tambayi liman, Larabar gwaji ko Juma'ar cirewa. Ya ce a rubuta Juma'a, Hajiya ta fara ƙirga wata 4 da kwana 10 daga ranar.

Tun daga lokacin Maigida ya sa muka ƙara shafi a littafin wasiyya. Bayan an rubuta bashi da sulusi, mukan tambayi mai wasiyyar abin da yake so a yi idan ya kasa magana, da wanda ya yarda ya yi magana a madadinsa, a gaban shaidu biyu. Dattawa 3 sun riga sun cika nasu, biyu daga cikinsu matansu suka ambata. Na huɗun ya saurari tambayar har ƙarshe, ya tattara carbinsa, ya ce mu bari sai ya dawo daga Umara.